Kwana Biyu Zuwa Rogo a Motar da Ta Ƙi Tashi

Talata, Karaye, kafin assalatu

Ƙarfe huɗu da rabi na tashi. Agogon autana Sabo ne a hannuna, na ɗaure shi da tsumma don ya yi min yawa. Tunda Malama ta koya mana karanta agogo ban ƙara yarda wani ya faɗa min lokaci ba. Ku 'yan ajinmu da kuka ishe ni da tambaya, wai da gaske ne shanu ne suka kai ni Rogo a cikin mota, to ga shi na rubuta. Kowa ta karanta da kanta. Wadda ba ta iya ba ta daina fashin aji.

Ga abin da ya tayar da ni. Yaya Delu, yayata ciki ɗaya, tana Rogo tun aurenta. Kara ya soke ta a ƙafa wajen cirar gyaɗa, ta raina abin, ƙafa ta kumbura har gwiwa. Ran Litinin aka aiko cewa malamin asibitin can ya ce abin ya fi ƙarfinsa, a kawo ta Karaye ran Alhamis, ranar da babban likita yake zuwa daga Kano. In aka wuce wannan Alhamis ɗin sai ta gaba, shi kuwa ya ce bai ga alamar ƙafar za ta jira ba. Ita kuma ta kafe, ba za a cusa ta a motar haya kamar buhun dawa ba, motar ɗanta kaɗai za ta shiga.

Ɗan nata ni na haife shi. Ɗan farina ne, ana yaye shi ta ɗauke, ita ta raine shi. Ba na faɗin sunansa, ko da biro ba zan rubuta ba. Mai Goro ake ce masa. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa kallon idonsa na yi masa magana ba. In zai gaya min abu bango yake gaya wa, ni kuma in ba kaza amsa. Yana da wata tsohuwar akori-kura, fara ce a da. Sati biyu kafin wannan tafiya zai tafi Kurmi saro goro, ya shigo ya tsuguna, ya ajiye wani ɗan abu a bakin tabarmata, ya ce wa bango, "Ga wannan a adana." Na ce wa kaza, "To, an ji." Ɗan baƙin abu ne bai fi babban yatsa ba, da rami a gindinsa, da ɗan harshen jan ƙarfe a kansa. Ban tambaya ba. Da ya fita na gwada shi a bakin kwalbar tabata, wadda murfinta ya ɓata tun azumi, ya zauna daram. Na ce shi ke nan, babu adanar da ta fi wannan, tunda kwalbar a lalitata take kwana take tashi.

Saura direba. Sabo ne autana, malamin firamare, a filin ƙwallon makarantarsu ya koyi tuƙi da motar wani abokinsa. Yayansa ko madubin motar ba ya barinsa ya taɓa. Amma lalura ce, matar Mai Goro ta ciro makulli daga cikin kwalla ta ba shi. Muka shimfiɗa katifa a baya saboda Yaya, na saka jarkar ruwa da fura da ƙuli-ƙuli. Na shiga gaba. Akwai wasu lambobi a gaban sitiyari masu ƙirga tafiya, na kwafi ukun ƙarshe a littafina: 412. Ƙarfe biyar da minti ashirin Sabo ya yi bismilla ya murɗa makulli.

Ta ce kir-kir-kir-kir, kamar tsohon da tari ya tsaya wa a wuya, ta yi shiru. Ya sake. Ta sake.

"Inna, tana kik, tashi ne kawai ba ta yi ba."

"Na ji ba ta tashi ba. Mene ne kik?"

"Wato injin yana juyawa. Batir lafiya lau. Sanyin asuba ne."

"Kai ma a sanyin ka kwana, ga ka a zaune."

Sau bakwai ya murɗa. Ya tafi gidan makanikin garinmu, matar ta amsa ta bayan ƙyaure cewa ya tafi Kano sayen kayan gyara, sai Juma'a. Kafin ya dawo masallata sun fito sun kewaye motar. Na'ibin liman ya ce, "Irin wannan ba a roƙonta, tura ta ake yi. A kai ta gangaren bayan kasuwa, a saka mata giya ta biyu." Mutum tara suka ɗage riguna. Mota ta gangara, Sabo ya saki kuloci, ta yi tsalle uku kamar akuya a turke, goshina ya gaisa da gilashi, ta tsaya cak.

Na'ibi ya ce gangaren ne ya yi gajere, akwai wanda ya fi shi wajen rafi. A wajen rafi aka ce akwai wanda ya fi shi gaba kaɗan. Haka muka bar Karaye, babu wanda ya ce a tafi. Duk gangaren da muka sauka, komawa ta zama hawa, masu turi kuwa babu mai son hawa. Suka dinga zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfe takwas saura kwata na ƙarshensu ya tuna yana da zanen suna. Lamba ta ce 416.

Ƙauyen mai injin niƙa, ƙarfe tara da minti goma

Wasu masu zuwa gona ne suka ƙarasa da mu, 418. Aka ce a kira Audu Mai Niƙa, shi ya san inji. Ya fito fari fat da gari har gira.

"Sannu da hanya, Hajiya."

"Ban je ba tukuna. Ka duba motar."

"Inji duk inji ne, Iya. Abu biyu yake ci, mai da wuta. In ya sami biyun dole ya tashi, ko ba ya so."

Wannan magana ta shige ni, na rubuta ta. Ya ɗaga bonet, ya zare wani siririn tiyo ya miƙa wa Sabo ya ce ya tsotsa. Sabo ya ce shi malamin makaranta ne. Na ce ya tsotsa. Ya tsotsa, ya furzar, ya yi ta kakari a gindin darbejiya. Audu ya ce madalla, mai yana zuwa. Ya ɗiga kaɗan a kafireta, aka murɗa, kir-kir-kir, shiru. Ya ce to saura wuta, wuta kuwa ba fanninsa ba ce, injinsa na gas ne, babu ruwansa da fulogi. Ya ƙwalla wa Iliya mai gyaran babur kira. Shi kuma Sabo tun daga nan har washegari in ya yi gyatsa sai in buɗe taga, kuma na hana shi zuwa kusa da mai ƙosai.

Iliya ya cire wata waya daga kan fulogi ya ce, "Riƙe nan, Malam. In ta fizge ka, mun gode Allah." Sabo ya riƙe ya runtse ido. Audu ya murɗa makulli. Kir-kir-kir. Sabo ya buɗe ido ɗaya.

Iliya ya kalle ni. "Ko dai wuta ba ta zuwa, ko kuma an dafa shi tun yana yaro."

"Ban ba shi komai ba sai nono da koko. Ƙaya ma tana sa shi kuka."

"To wuta ce ba ta zuwa."

Ya bi wayoyin da yatsa har zuwa wani ƙoƙo da suka haɗu a kansa, su biyar. Ya ɓalle ƙoƙon. Ni kuma a lokacin na gaji, na ciro kwalbata zan ɗan saka taba a leɓe. Ya miƙo hannu ya ce, "Iya, a san min, kaina ya ɗau zafi." Na ba shi. Ya cire murfin ya riƙe a hannun hagu, ya ɗiba, ya sunkuya ya leƙa cikin wurin nan da kyau, har da hura iska.

"Fes," in ji shi. "Ban taɓa ganin wuri mai tsabta irin wannan ba. Wani ɗan siririn ƙarfe ne kawai a tsaye a tsakiya. Babu komai a ciki da zai tare wuta."

Ya mayar da ƙoƙon, ya rufe min kwalbata ya miƙo min, ya yaba murfin ma, ya ce mai kyau ne. Ya ce shi iliminsa a taya biyu ya tsaya, amma akwai makaniki na gaske a Rogo. Ya kuma ja mana kunne mu daina murɗa makulli barkatai, batir ya fara gajiya, in ya mutu ko makanikin ya zo sai an sha wuya.

A nan wata bas ta zo za ta Rogo. Sabo ya ce in bi ta, shi ya zauna da motar. Na ce in je in ce mata me? Na san Yaya tun ba ni da haƙori. In na je babu motar nan, za ta juya wa bango fuska ta ce a bar ta da ƙafarta, kuma ko hakimi aka kira ba za ta motsa ba. Baya babu makaniki sai Juma'a, kuma hawa ce. Gaba akwai. Na ce motar nan za ta Rogo ko a ka za a ɗauke ta.

Ba a kai ga ka ba. Aka samo Ɗan'azumi, mutumin Kafin Dafga ne da noma ya zaunar a nan, yana da shanun huɗa biyu. Ya ce naira sittin, na ce talatin, muka tsaya a arba'in da kuɗin harawa. Ɗaya ja ne, ɗaya fari. Na tambayi sunansu.

"Wannan Soja, wannan Farar Hula."

"Wanne ya fi ja?"

"Soja ne mai ja, sai dai ba ya jin tsaya. Farar Hula rakiya yake yi da cin abinci."

A hanya, daga sha ɗaya da rabi

Aka ɗaura igiya a ƙarfen gaba, Ɗan'azumi ya yi musu tsaki, muka tashi. Gaskiya ban taɓa shiga mota mai daɗi haka ba. Babu ƙara, babu girgiza, ina iya rubutu layi bai karkace ba. Sabo ya riƙe sitiyari da hannu biyu, fuska a murtuke, in za a yi kwana sai ya fito da hannu ta taga ya ba da alama, alhali babu kowa a bayanmu sai ƙudaje.

Wata Bafulatana mai tallar nono ta iso mu ta baya. Ta jera da tagata muka gaisa, na sayi nono na naira ɗaya, ta dama mana furarmu tana tafe, na ji labarin surukarta kaf. Can ta ce in yi haƙuri, ita sauri take yi, ta wuce. Wani dattijo kuma ya ɗaga mana hannu mu rage masa hanya. Ya hau baya ya miƙe a katifar Yaya. Da lamba ta ƙara ɗaya ya buga rufi ya ce a sauke shi, za a rufe kasuwa bai je ba.

Azahar muka yi a bakin wani tafki, 424, shanu suka sha ruwa. La'asar a 428. Direbobin haya in sun zo wucewa sai su rage gudu su leƙo, kowa ya jefo nasa ta taga. Wani ya ce fetur ne. Wani ya ce kwantak. Wani ya ce mu sayar da motar mu sayi shanun. Babu wanda ya tsaya, kowa da fasinjansa.

Rana na faɗuwa muka shiga wani gari mai tsamiya biyu a bakin hanya, 433. Mai unguwa ya sauke mu. Ni aka kai ni ɗakin tsohuwarsa, maza suka kwana a zaure. An ba mu tuwon dawa da miyar kuka, tuwon ya tuƙu, miyar ba ta ji daddawa ba, na kuma gaya musu.

Laraba

Da gari ya waye mai unguwa ya zagaya motar sau biyu hannu a baya. Ya tambayi Sabo ko tasa ce. Sabo ya ce ta yayansa ce.

"To ai shi ne. Mota kamar jaki take, ta san mai ita. Akwai wani abu nasa a ciki?"

Aka lalubo wata tsohuwar hular Mai Goro a ƙarƙashin kujera, duk maiƙo. Mai unguwa ya ce Sabo ya saka, ya zauna yadda yayan yake zama, ya yi gyaran murya irin tasa. Sabo ya ce wannan ba ya cikin kimiyya. Na ce tsotson tiyo yana ciki? Ya saka hular, ta rufe masa kunne, ya buɗe ƙafa, ya yi gyaran murya. Wallahi har ni sai da na kawar da kai don kunya. Ya murɗa. Ta ce kir, kir, kir, a hankali ta fi ta jiya. Mai unguwa ya ce ta kusa yarda, a sake. Na ce duk wanda ya ƙara taɓa makullin nan sai na karya masa yatsa. Na zare shi na ɗaure a bakin zanena. Muka sha koko da ƙosai na naira biyu, ƙarfe bakwai saura minti ashirin muka kama hanya.

Shingen hanya, 441

Wajen ƙarfe goma muka tarar da masu duba motoci, sun gitta katako mai ƙusoshi. Babbansu ya ɗaga hannu tun muna nesa. Hannun ya gaji ya sauke, ya je ya sha ruwa ya dawo, sannan muka iso. Sabo ya taka birki, Soja bai ji ba, sai da Ɗan'azumi ya rataya a ƙahonsa.

Mutumin ya kalli shanu, ya kalli mota, ya kalle ni.

"Wa yake tuƙi?"

Sabo ya ce shi ne. Ɗan'azumi ya ce in dai tafiya ake nufi, shi ne. Suka fara musu. Mutumin ya ce kowa ya kawo takardarsa. Sabo ya miƙa lasin, Ɗan'azumi ya lalubo takardar allurar shanu daga cikin hula. Ya duba duka biyun da kyau, ya ce duk suna kan ƙa'ida.

"Mama, me kuka ɗauko?"

"Katifa. Mai katifar za mu ɗauko."

Na gaya masa zancen ƙafar Yaya. Ya yi mata addu'a, ya sa aka janye katako, ya ce Allah ya kiyaye hanya, a dai rage gudu.

A 446, ƙarfe sha biyu da kwata, Farar Hula ya ga inuwar wani mangwaro ya kwanta. Ɗan'azumi ya ja wutsiya, ya hura masa kunne, ya kira shi da sunan uwarsa, ko gezau. Muna nan sai ga wani mai keke daga Rogo, maƙwabcin su Yaya ne, ya gane ni. Ya ce tun jiya take sa a leƙa mata hanya, kuma zazzaɓi ya rufe ta, ko kunu ba ta sha ba. Na sauka na je na tsuguna a gaban san nan, na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa mutum ba, cewa matar nan ita ta goya ni da uwarmu ta rasu, ita ta goya ɗana, ni ban taɓa goya mata komai ba. Ya kalle ni yana tuƙa. Sai na ciro sauran ƙuli-ƙuli na nuna masa, ya miƙe. Daga nan har Rogo a ƙasa na tafi, ina gaba da ƙuli-ƙuli a hannu, shanu na bina, mota na bin shanu.

Rogo, ƙarfe huɗu saura minti goma, 452

Kai tsaye rumfar makaniki muka nufa. A rufe. Mai shayin gefe ya ce ya tafi Kano tun Litinin, sai Juma'a. Ya ce ai shi da na Karaye tare suke zuwa saro kaya, don su raba kuɗin dako.

Sabo ya kifa kai a sitiyari. Ni ma na rasa wanda zan zaga. Gobe Alhamis, ga mota mun kawo, kuma in shanu ne za su mayar da mu sai Juma'a, likita ya daɗe da komawa. Na ce a ƙarasa gidan, ko ba komai ta ga motar ɗanta da idonta.

Da ƙyar shanu suka shiga lungun. Na tarar da ita a rumfar tsakar gida, ƙafa a kan matashi ta yi kamar turmi, tana sheƙi. Ta rame, idon ne kawai nata.

"Asabe, sai yanzu? Ban ji ƙarar mota ba."

"Ba ta da ƙara. Tana waje."

"Me na ji yana kuka?"

"Injin ne, guda biyu."

Na zauna na kwashe labari na gaya mata, tun daga gangaren bayan kasuwa har hula. Ba ta yi dariya ba. Ta ce bakinta babu daɗi, in san mata taba. Na miƙa mata kwalbar. Ta kai hannu za ta buɗe, sai ta tsaya. Ta juya murfin, ta shafa ɗan harshen nan da yatsa.

"Wa ya ba ki rota?"

"Wace ce Rota?"

"Wannan. A ina kika samu?"

Na ce Mai Goro ne ya ba ni ajiya da zai tafi. Ta rufe ido, na ɗauka suma ta yi. Ashe lissafin abin da za ta ce min take yi. Na manta, ko in ce ban taɓa kawowa a raina ba, marigayi mijinta direba ne shekara talatin. Ta ce duk ranar da ya kwana a gida sai ya ciro wannan abin daga inji ya ba ta ta saka a ƙarƙashin matashi, saboda ɓarayi. In babu shi mota za ta yi ta kir-kir har tashin ƙiyama, don shi ne yake juyawa yana raba wa fulogi wuta. A wurinsa yaron ya koya. Ya cire ne don kada Sabo ya ɗau motar.

"Ya ba ki abu, ba ki tambaye shi na mene ne ba?"

"Da wane bakin, Yaya?"

"Da wanda kike zagin duk Karaye da shi. Shekara arba'in kina magana da kaji. Ga shi kin sa an jawo mota da shanu, ran motar yana lalitarki yana shan taba."

Ta ce a ɗauke ta a kai ta waje. Maza huɗu suka kama tabarmar, aka ɗora ta a katifa a bayan motar, ta jingina da jarka, daga nan ta dinga ba da umarni ido a rufe. A goge shi da tsumma, taba ta shiga ramin. A ɓalle ƙoƙo mai waya biyar. A zura shi a kan siririn ƙarfen da yake tsaye, a juya har ya faɗa gurbinsa, hanya ɗaya yake shiga. Sabo ya ce ya shiga. Ta ce a mayar da ƙoƙo a ɗame. Ta ce tun jiya kun cika mata ciki da mai, ka danne totur har ƙasa ka riƙe, kada ka yi ta famfo kamar mai ɗinki. Ta ce kuma ka cire hular ɗana, ba ta yi maka kyau ba.

Na kwance makulli daga bakin zane na ba shi. Ya murɗa. Mota ta ce kir. Ta tsaya. Ta ce kir, kir, sai ta yi wani tari, baƙin hayaƙi ya turnuƙe lungun, inji ya kama da ruri. Allah ya sa Ɗan'azumi ya riga ya kwance igiya, don Soja bai tsaya ba sai bayan gari. Farar Hula ko kai bai ɗaga ba, yana cin dangar maƙwabta.

Komawa

Yaya ta ce kada a kashe ta ko da wasa. Aka jefo kayanta a ƙunshe, na sallami Ɗan'azumi na ƙara masa naira biyar saboda neman Soja, na hau baya na riƙe mata ƙafa. Ƙarfe biyar da minti biyar muka tashi. A shinge mutumin nan ya janye katako yana tambayar ina muka baro shanun. Garin tsamiya biyu na ga mai unguwa yana nuna mu yana gaya wa mutane wani abu, na san cewa yake hular ce. Iliya na hango shi a bakin rumfarsa, na ɗaga masa kwalbata da totuwar masara a bakinta, ban sani ba ko ya gane. Ƙarfe shida da minti ashirin muna ƙofar gida, ana kiran magariba. Tafiyar kwana biyu, awa ɗaya da kwata.

Alhamis tun bakwai muna layi. Likita ya tsaga ƙafar, ya ciro guntun kara ya kai tsawon ɗan yatsana. Ya ce mun zo a kan gaɓa. Ƙafa tana nan, mai ita tana ɗakina yanzu haka tana cewa miyata ba ta ji gishiri ba.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa mutanen masallaci har wanda ya gudu, da Audu, da Iliya duk da abin da ya riƙe a hannunsa, da tsohuwar mai unguwa, da Ɗan'azumi da Soja. Farar Hula ya riga ya ci ladansa.

Mai Goro ya dawo bayan kwana tara. Tun a tasha aka ba shi labari. Washegari ya shigo ya tsuguna, ya ajiye wani abu a ƙunshe a takarda a bakin tabarmata, ya ce wa bango, "Ga wannan a adana." Kazar tana nan a gefe tana jira. Yaya ta kafe ni da ido daga kan katifa. Na juyo na dube shi, ashe har ya yi furfura a gemu ban sani ba.

Na ce, "Na mene ne?"

Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya ce, "Batta ce, Inna. Ta taba. Murfin a haɗe yake da ita."